Sarkin Rum a Adudun Kaka

Ran sadakar arba'in ɗin Kaka aka buɗe adudunta. A ɗakinta ne na Zangon Agege, ɗakin nan da in jirgin ƙasa ya wuce sai kwanonin jere su kama kaɗawa kamar masu jin sanyi. Gwaggo ta zazzage kayan bisa tabarma a gaban magada: saƙi biyu da asu ya fara taɓawa, murjani, tsakiya, munduwa, sai wani abin wuya mai nauyi da aka jera wa liyari biyar. Tsakanin na biyu da na uku akwai wata 'yar kwandala baƙa ƙirin, faɗinta bai wuce farcen babban yatsa ba, an liƙa mata kunne an zura zare. Mai gwal ɗin da aka kira don ya yi wa kayan kuɗi ya auna liyaran ɗaya bayan ɗaya. Da ya zo kanta ya jujjuya ta sau biyu, ya ture gefe, ya ce wannan sai dai a ba yara. Na roƙi iyayena su bar mini ita. Ba wanda ya ko ɗaga kai.

Da dare na jiƙa ta a ruwan ɗumi da ɗan sabulu, na goge da tsumma. Daga baya na ji masu tara tsofaffin kuɗi na cewa iyakar abin da ya halatta ke nan, wanda ya sa toka ko man goge ƙarfe ya kashe kayansa da hannunsa. Sai ga kan mutum ya bayyana, yana duban dama, da gemu mai nannaɗe da ya rabu silili-silili, an ɗaura masa ganye a ka maimakon rawani. A ɗaya fuskar wata mace ce tsaye, ta tattaro bakin mayafinta kamar mai ɗauke da wani abu a ciki, a kanta akwai wani abu da ya lanƙwaso gaba, ga kuma dabba a gindin ƙafarta. Haruffan boko sun kewaye kowace fuska, amma ba kalma ɗaya da na gane. Ba shekara, ba sunan ƙasa. Kwandalar ma ba ta yi zagaye sosai ba, hoton ya zame gefe guda, kuma akwai 'yar tsaga a bakinta, daidai ƙasan gemun.

Kawu ne ya fara yanke hukunci, kamar yadda ya saba. Ya ce ɗiyar liyari ce, canjinsa. Wannan bai ɗauke ni ko minti biyar ba, don liyaran suna nan a hannu ba a kai ga sayar da su ba. Liyari kuɗin Ostiriya ne, mai hoton Sarauniya Mariya Tereza, mace mai jiki da lulluɓi, bayansa gaggafa mai kai biyu. Nauyinsa giram 28, kashi 83 cikin ɗari azurfa. Duk biyar ɗin Kaka shekarar 1780 ce a jikinsu, ba don a shekarar aka buga su ba, sai don ita ce shekarar da sarauniyar ta rasu, aka ci gaba da buga shi da wannan lamba saboda fatake daga Yaman har Borno sun ƙi yarda da wani iri. Da Barth, Bajamushen nan da ya kira kansa Abdulkarim, ya sauka Kano a 1851, ya tarar ana canza irin wannan babbar azurfa a kan wuri 2,500. Liyari ba ya da ɗiya mai gemu.

Kawu bai karaya ba. Ya ce to Sarki Joji ne, na jikin taro da sisin da suka yi wayo suka tarar, ai shi ma da gemunsa. Nan ya ɗan kusa, don Joji na Biyar mai gemu ne. Sai dai a sulallan Afirka ta Yamma da aka fara bugawa a 1913 hagu yake duba, da kambin sarauta a kansa, ga shekara da lambobi, ga Turanci ɓaro-ɓaro, sule da fataka kuma da bishiyar kwakwar manja a bayansu. Injin ne ya buga su, zagayensu ba karkace. Tawa kuwa kamar ƙosai, kowane gefe da yadda ya ga dama.

Akwai wani dattijo Bayarabe a layinmu, kan hanyar zuwa Markaz, tsohon malamin makaranta da ya yi karatu hannun 'yan mishan lokacin ana koyar da Latin da bulala. A Agege ya tsufa, Hausarsa ta fi ta wasu 'ya'yanmu. Na same shi da hantsi yana shan iska a baranda, na gaishe shi, na miƙa masa.

Ya sa tabarau, ya ƙara na biyu a kan na farko, ya karanta a hankali: SEVERVS PIVS AVG.

"Ɗana, ina ka samo wannan?"

"Adudun Kaka, Baba."

Ya yi dariya har da tari. Ya ce abin da ya rikita ni shi ne Rumawa ba su da harafin U a rubutun sassaƙa, V suke sa wa duka biyun, shi ya sa ko sunan Joji a jikin sule GEORGIVS aka rubuta. Kalmar farko Seberus ce. Ta biyu, mai biyayya ga alloli da iyaye. Ta uku guntun Agustus ne, laƙabin da duk wanda ya hau gadon Rum yake ɗauka, kamar yadda muke cewa Sarkin Musulmi ba sai an faɗi suna ba. Ya ce in dai idonsa bai yaudare shi ba, dinariyus ne, kuɗin azurfar da Rumawa suka fara bugawa wajen shekara 211 kafin haihuwar Annabi Isa, suka yi fiye da shekara ɗari huɗu suna biyan soja da shi. Sannan ya ɗauki biro ya rubuta 6d a bayan takardar wuta, ya tambaye ni mene ne. Na ce sisi, haka na gani a tsofaffin rasitan Babanmu. Ya ce to wannan d ɗin da muka yi ta rubutawa a gaban kwabo har ranar 1 ga Janairun 1973 da naira ta zo, harafin farko ne na abin da ke hannuna.

Sunan ya yi tafiya fiye da kuɗin. Daga gare shi Larabawa suka sami dinari, wanda ya zo a Suratu Ali Imrana, wanda kuma Halifa Abdulmalik ɗan Marwanu ya buga nasa na Musulunci a shekara ta 77 bayan Hijira. Masana harshe na cewa daga dinarin nan ne muka sami zinariya. Wato kuɗin fari ya fita daga Rum, kafin ya iso bakin Bahaushe ya zama ja. Ita kuwa azurfa daga bakin Buzaye muka karɓe ta.

Bayan kwandalar ya fi wuya, don ba kalmomi ba ne, guntaye ne: P M TR P XV COS III P P. Dattijon ya warware wasu, sauran na bi su a waya, a kundin kuɗaɗen sarakunan Rum da wasu Ingilishi biyu, Mattingly da Sydenham, suka fara fitarwa a 1923, wanda yanzu ƙungiyar masana tsabar kuɗi ta Amurka ta zuba a intanet kyauta. P M babban limamin addinin gargajiyarsu. P P uban ƙasa. Waɗannan kirari ne, ba sa nuna lokaci. Masu amfanin su ne biyun tsakiya. COS III na nufin ya riƙe muƙamin kansul sau uku, na ukun kuwa a 202 ya same shi, bai ƙara ba har ya mutu, saboda haka ba a buga ta kafin 202 ba. TR P wani iko ne na kare talakawa da ake sabunta wa sarki duk shekara. Seberus ya karɓi na farko a 193, shekarar da mutum biyar suka yi da'awar sarauta shi ya rage. Ka ƙirga da yatsa daga nan, na sha biyar ya faɗa a 207. Ga kuma shaida ta uku daga gaba: tun daga 210, bayan ya tafi yaƙi arewacin Birtaniya, ana ƙara masa BRIT a ƙarshen suna, tawa babu. Shaidu uku, bakinsu ɗaya. Ganyen da ke kansa ma ya tabbatar dinariyus ce, don wadda ɗansa Karakalla ya ƙirƙiro a 215, mai darajar biyu, kambi mai tsinaye kamar hasken rana ake sa wa sarki a jikinta.

Macen ce ta sa tsigar jikina ta tashi. Abin da ke kanta fatar kan giwa ce, abin da ya lanƙwaso gaba hancin giwar ne. Dabbar zaki ce. Abin da ta tattaro a mayafi amfanin gona ne. Haka Rumawa ke zana Afirka, wadda a wurinsu lardi ce guda, Tunisiya ta yau da yammacin gaɓar Libiya, rumbun da ke ciyar da birnin Rum da alkama da man zaitun. Seberus kuwa ɗan can ne. A Labda aka haife shi a 145, garin da kangonsa ke nan gabas da Tarabulus, tafiyar kilomita ɗari da 'yan kai. Ya auri 'yar Hims ta ƙasar Sham, ya mutu a Yok ta Ingila a 211.

Ba zan ɓoye ba, kwana uku na yi ina gina gari. Har na fara tsara yadda zan rubuta cewa Rumawa sun yi ciniki da Kano, ga hujja a aljihuna. Kuma ba a rasa abin kamawa ba. A zamanin Seberus ɗin ne aka gina sansanin soja a Bu Najim, can bakin hamada, a 201. Gadamas ma ta ga sojan Rum. A Jarma ta Fazzan an tono tulunan mai da kayan gilashin Rum a kaburburan mutanen da suka riƙe hanyar Sahara a wancan zamani. Can kudu a Abalessa, ƙasar Buzayen Ahaggar, da aka buɗe kabarin Tin Hinan a 1925 an sami ɗan fallen zinariya da aka danna wa hoton kuɗin Sarki Kustantin. Amma daga Abalessa zuwa Dala tafiya ce ta wata da watanni, kuma maƙeran farko da aka ga alamarsu a Dala sun zo bayan Seberus da shekara ɗari huɗu. Ɗaya ginin da na yi kuma, na kuɗin da za ta kawo in an sayar, shi ya fara rushewa. Seberus ya buga dinariyus kamar ƙasa, manoma na ta tono su tukunya-tukunya daga Ingila har Sham, wanda bai da wata tawaya ma 'yan gomomin daloli ake sayar da shi. Mai kunne da walda kuwa ya faɗi ƙasa da haka.

Kunnen nan ne ya kai ni wurin maƙeri. So nake a cire shi ba tare da an ɓata kwandalar ba. Akwai wani tsoho maƙerin fari a wata 'yar rumfa bayan masu canji, mutumin Zinder, wanda yanzu rabin aikinsa gyaran sarƙar Dubai ce da zoben azurfa na 'yan kasuwa. Ya karɓa, ya cilla ta sama da farce ya saurara, ya goga bakinta a baƙin dutse, ya ɗiga ruwan gwaji.

"Kai, wannan azurfa ce ta gaske. Irin ta da. Yanzu ba ka samun irinta."

Na yi godiya, na fito ina fara'a. Sai da na kai gadar Pen Cinema maganar ta dawo mini ta wata fuska, na tsaya cak har mai Maruwa ya zage ni. A daren da ya gabata na karanta cewa azurfar Seberus ba ta kirki ba ce.

Ga yadda abin yake. A zamanin Agustus na farko dinariyus ya kusa giram 4, kuma kusan tsantsar azurfa. Nero ya rage masa nauyi a shekara ta 64. Waɗanda suka biyo baya kowa ya ɗan tsoma hannu, ana ƙara jan ƙarfe kaɗan-kaɗan, irin yadda mai nono ke ƙara ruwa. Seberus da takobi ya hau, da soja ya zauna, ya ƙara musu albashi mai tsoka, azurfar baitulmali kuwa ba ta ƙaru ba. Sai ya mai da dinariyus kusan rabi da rabi. Bayansa abin ya zama ruwan dare, zuwa shekarun 260 azurfar da ke cikin kuɗin Rum ba ta kai kashi 5 cikin ɗari ba. Mu da muka ga naira ta tashi daga fin dala zuwa inda take yau ba ma bukatar a yi mana dogon bayani. To in kwandalar Kaka ta 207 ce, yaya aka yi maƙeri ke yabon azurfarta?

Akwai amsa guda da za ta iya cetonta. Ma'aikatan gidan buga kuɗin Rum sun san dabara: kafin a buga, sai a gasa ƙarfen a tsoma a ruwa mai tsami, ya cinye jan ƙarfen da ke sama ya bar farar fata. Ƙasa ma in kuɗi ya daɗe a cikinta haka take yi masa. Dutse da ruwan gwaji fata kawai suke gani. Sai an tambayi cikin, kuma ba na so a yanka.

Ruwa ne ya tambayo mana. Na koma wurin mai gwal ɗin nan da ya ce a ba yara, don yana da sikelin da ke karanta har kashi ɗaya cikin dubu na giram. Muka auna ta a bushe: 3.71, har da kunne. Muka ɗora ɗan kofin ruwa, muka mai da sikeli sifiri, muka zura zare a kunnen, wanda a nan ya yi mana rana, muka nutsar da ita ba ta taɓa gindi ba ta taɓa gefe. Abin da sikeli ya nuna shi ne nauyin ruwan da ta ture: 0.359. Ka raba na farko da na biyu, ka sami 10.3. Tsantsar azurfa 10.5 take bayarwa, jan ƙarfe bai cika 9 ba, rabi da rabi kuwa wajen 9.7, tsohon kuɗin da ƙasa ta tsotse ma yakan gaza haka. Sau biyar muka maimaita, muna kaɗe kumfar da ke maƙalewa a kunnen, ba ta taɓa sauka ƙasa da 10.2 ba. Mai gwal ya ce shi dai bai ga abin baƙin ciki ba, kaya ya fi yadda aka zata kyau. Na ce ai kyan ne matsalar.

Duk da haka abu ƙarami irin wannan, ɗigon ruwa ɗaya na iya karkatar da lissafi, ba a yanke wa mutum hukunci da shaida ɗaya. Na koma rumfar tsoho, wannan karon da tambayar da ta dace da shi.

"Baba, bugu ce ko zubi?"

Ya dube ni kamar yau ya fara ganina. Ya ce da haka na tambaya tun farko da ban sha rana ba. Ya ɗauko gilashin nan da masu gyaran agogo ke maƙalawa a ido, ya duba, ya miƙo mini, yana nuna wurare da bakin allura.

Rumawa bugu suke yi. A sassaƙa hoto a hatimin ƙarfe biyu, ɗaya a kafe a uwar maƙera, a ɗora ɗan curin azurfa, a kifa ɗayan, a sauke guduma. Ƙarfen da aka buga gudu yake yi daga tsakiya zuwa baki, yana barin siraran layuka kamar hasken rana, haruffa su fito da kaifi, in baki ya tsage tsagar ta shige ciki da duhu. Tawa ba layi ko ɗaya. Haruffan sun yi laushi kamar rubutun jikin sabulun da aka yi wanka da shi sau biyu. A filin da ke gaban hancin sarki akwai ƙananan ramuka kamar zanzana, sawun iskar da ta maƙale lokacin da narkakken ƙarfe ke sanyi. Tsagar ƙasan gemu ba tsaga ba ce, hoton tsaga ne, cikinta cike. Ya juya bakin, ya nuna mini inda aka bi da magagari aka share layin da rabi biyu na yumɓu suka haɗu.

"Zubi ce. Kuma hannun irinmu ne, ba na inji ba." Ya ƙara kai allura saman kan sarki, ƙarƙashin kunnen kaɗan. "Ka ga wannan?"

Wani ɗan zagaye ne marar zurfi, kamar an danna ƙwayar dawa a danƙo. Ta baya ma akwai shi, daidai wurin. Ya ce uwar da aka kwafa tana da huji, an taɓa rataya ta. Wanda ya yi zubin ya toshe hujin da kakin zuma kafin ya danna ta a yumɓu, kakin ya ɗan lotsa.

Uwa. Kalmar ta tsaya mini. Jabun kuɗin Rum sun cika duniya, ana sayar wa masu yawon buɗe ido a bakin kowane kango daga Turkiyya zuwa Tunisiya, kuma da na ɗauka wani alhaji ne ya yo wa Kaka tsaraba. Amma mai yin jabu don riba ba ya zuba azurfar da ta fi ta asali, kuma ba ya toshe huji da kaki ya bar sawu. Wani ne ya riƙe dinariyus na gaske a hannunsa, a wurin da ake aiki da zugazugi. Na kira Gwaggo na tambaye ta tun yaushe ta san abin wuyan nan. Ta ce tun tana goye. Sannan, kamar wadda ke faɗin farashin gishiri, ta ce, "Ai Iya ta Shagamu ma tana da irinta."

Iya ƙanwar Kaka ce, ita kaɗai ta rage a ɗakinsu. Ran Asabar na hau mota zuwa Sabon Shagamu, na ratsa ta tsakanin huhunan goro da mata masu ɓare shi, na same ta a kan buzu tana jan carbi.

"Maigidana, yau wace iska? Ko kuɗin cefanen shekara uku ka kawo?"

"Na kawo, uwargida, amma sai kin nuna mini dukiyarki."

Ta sa aka ɗauko wani gwangwanin alewa, ta kwance ƙulli uku kafin ta kai gare ta. Na jera su a tafin hannu a bakin ƙofa inda haske yake. Hoton ya zame gefe guda a duka biyun, daidai gwargwado. Tsagar tana ƙasan gemu a duka biyun. Lotsawar kakin tana nan. Kuɗin da aka buga da hannu, ko da hatimi ɗaya aka buga su a rana ɗaya, ba a samun biyu masu baki iri ɗaya da tsaga iri ɗaya, don kowane curi da yadda yake bajewa a ƙarƙashin guduma. Waɗannan tagwaye ne, uwarsu ɗaya.

Iya ta ce ba tagwaye ba ne, 'yan uku ne. Ta ukun tana hannun yayarsu da aka kai aure Kumasi, daga nan ba a sake jin labarinta ba. Ta gyara zama ta ba ni abin da ta ji daga bakin mahaifiyarsu.

Mahaifinsu, kafin ya san goro, yaron wani Balaraben Gadamas ne a Dandalin Turawa cikin birnin Kano. Shi ke haɗa masa jemammun fatu da gashin jimina, ana ɗaure wa raƙuma zuwa Tarabulus. Sai abu biyu suka faɗo a shekara guda, wannan kuwa na san lissafinsa ko ba ta faɗa ba: a 1911 layin dogo ya iso Kano, a 1911 ɗin kuma Italiya ta faɗa wa Tarabulus. Kayan da raƙumi ke kai wa teku a wata uku ko fiye, jirgi ya koma kai su Ikko cikin kwanaki. Balarabe ya daure 'yan shekaru, ya ga ba ci, ya tattara. Da zai tafi ya sallami yaronsa da alkyabba da wata 'yar jaka, a cikinta akwai ƙaramar kwandala mai huji da aka taɓa rataya wa ɗansa a wuya saboda baki. A ƙasarsu, in ji shi, bayan ruwan sama yara kan tsince su a kangaye.

Yaron ya bi jirgin da ya kashe kasuwar maigidansa, ya gangaro Agege lokacin da gonakin goronta suka fara bayarwa, har Hausawa suka rage dogaro da na Gwanja. Da ya tara abin aure ya koma Kano, ya kai kwandalar wurin wani maƙerin fari kusa da Kurmi, a sa ta a abin wuyan amarya. Maƙeri ya kankare bakinta da magagari, ya ga cikin ya yi ja-ja. Ya ce shi ba zai sa hannunsa a kai wa 'yar mutane wannan ba, rabinta jan ƙarfe ne, gobe a ce shi ya cuce su. Ango ya ce shi dai matar nan mai zaki yake so. Maƙeri ya ce to kawo sule biyu.

Nan lissafin ruwa ya sami mazauni. Sulen wancan lokaci, kafin a sauya ƙarfensa a 1920, kashi 92 da rabi cikin ɗari azurfa ne, wanda a gwajin ruwa yake ba da 10.3 da ɗoriya. Nauyin kowane giram 5.66. Biyu sun ba da 11 da 'yan kai, daidai zubi uku na giram uku da rabi-rabi, da ɗan abin da zai tsaya a bakin yumɓu.

"To ita uwar fa, Iya? Ta Balaraben?"

"Wace uwa? Au, marar kyan? Ai ita ya yayyanka ya haɗa da ɗan kwanson harsashi ya yi liƙi da ita. Da me kake tsammani aka manna kunnuwan?"

Ta karɓe tata, ta mai da ƙulli uku, ta ce in ba cefane in tashi in ba ta wuri.

Washegari na koma rumfar tsoho a Agege na ba shi labari. Bai yi mamaki ba ko kaɗan. Ya ce ko shi ne abin da zai yi ke nan, azurfa mai gauraye da ɗan tagulla ta fi saurin narkewa, ita ake so a liƙi don ta gudana kafin kayan su ji wuta. Ya kankare gindin kunnen kaɗan da bakin wuƙa, ya miƙo mini gilashi. A tsakanin farin kwandala da farin kunne akwai wani ɗan dunƙule da launinsa ya bambanta, ya ja zuwa ruwan ƙasa-ƙasa, bai fi ƙwayar gero biyu ba.

"Har yanzu kana so in cire? Minti biyu ne, in sa wuta in share maka shi tas."

"A'a, Baba. Zaren kawai za ka sake mini."

Ya ce ɗari biyu ne, kuma ba ya da canji.